Zare a Bakin Tanki

Ranar da abin ya fito fili, mijina Yoshiya ya dawo daga bakin tafki rigarsa a bushe. Duk wanda ya san shi ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin in ya tafi wankin motar Hajiya Ɗelu ba ya dawowa sai ya jiƙe sharkaf, kamar shi aka wanke ba motar ba. Ya ajiye bokiti, ya zauna a kan turmi, ya tashi, ya je bakin ƙofa, ya dawo ya sake zama.

Na ce, "Baban Loisa, mi ya hwaru?"

Ya ce, "Ta ɗaure tanki, Febi. Da zare. Ƙullinta ne, na gane shi."

Hajiya Ɗelu ita ce babba a cikin matan da ke bandar kifi a Madarumfa, mijina kuwa shi ne direbanta tun marigayi maigidanta na raye. Matan nan suna da wata al'ada. In za su aika kwalin kifi Maraɗi ko Ɗan Issa, sai kowacce ta ɗaure shi da zare, ta yi ƙullin da ita kaɗai ke yin irinsa. Wanda zai karɓa a can yana duba ƙullin ya san ko an zura hannu a hanya. Na Hajiya zare ne ja da baƙi, ƙulli biyu, jelar ta koma ciki. Kwalayen da Yoshiya ya ɗauka masu wannan ƙullin, Allah kaɗai ya san yawansu, kuma ko kan tarwaɗa bai taɓa ɓata ba. Yau ga shi ya buɗe ƙofar tanki zai goge, ya tarar an ɗaure murfin da jikin motar, yadda ba a buɗewa sai zaren ya tsinke.

Raina ya ɓaci matuƙa, amma ban yi mamaki ba. Tun damina motar ta kama shan mai kamar an huda ta. A cika ta, kafin a je Ɗan Issa a dawo allura ta kwanta. Salansa na fitar da baƙin hayaƙi, warin ɗanyen mai na bin ta a baya, in ta tsaya sai ta riƙa karkarwa. Nura, makanikin garinmu, ya canza buji, wato fulogi, ya canza matatar iska. Tsofaffin bujin sun fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, sababbin ma ba su jima ba suka bi sahu. Daga nan Nura ya ɗaga kafaɗa ya ce tsufa ne.

Akwai kuma Adamu, ƙanen Hajiya, wanda ba shi da sana'a sai zaman benci da sa ido a kan abin da bai shafe shi ba. Shi ya fara cewa mota ba ta shan mai haka sai in akwai mai taya ta sha.

Na ce wa mijina ya je ya jefa mata makullinta. Ya ce a'a. Na ce to ya tambaye ta. Ya ce a'a. Haka yake, in ya kafe ko jaki sai ya sara masa. Washegari ya yi lodin kifi, ya kai Hajiya kasuwar Ɗan Issa, ya dawo da ita, bai ce mata uffan ba. Allura ta sauka kamar kullum, zare kuma yana nan yadda ta ɗaura shi.

Ni a wautata na ɗauka magana ta ƙare ke nan. Ashe Adamu bai rasa ta cewa ba. Wai tsohon direba ba ya buƙatar murfi, ta ƙarƙashin mota yake zuƙa, ya kai wa 'yan ruwa-ruwa masu sayar da mai a kwalba. Kafin mako ya zagayo maganar ta gama gari. A bakin famfo wata mata ta dube ni tana murmushi ta ce, "Maman Loisa, an ce mai ya yi arha gidanku." Ba don girman furfurar da ta fara fito mini ba, da da bokiti zan ba ta amsa.

Ranar Lahadi aka kira Yoshiya ya yi karatu a majami'a kamar yadda ya saba, ya ce maƙogwaronsa na ciwo. Lafiyarsa ƙalau. Mutumin da ba shi da gona mai kirki, ba shi da shago, abin da ya tara duk rayuwarsa shi ne a ce Yoshiya ba ya taɓa kayan mutane. Shi ne ake neman a raba shi da shi a kan abin da bai ji ba bai gani ba. Da muka koma gida ya kasa cin tuwo, ya kasa zama. Ya zagaya tsakar gida har kaji suka gaji da kauce masa.

Can ya ce, "Akwai wani a Maraɗi, Abdul Aziz. An ce yana da na'urar da mota ka hwaɗa ma ciwonta. Gobe zan kai ta."

"Da wane mai?"

"Da wanda ya rage."

"Ka ƙara mana a hanya."

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "In buɗe murhi? Ba ni na ɗaura zaren ga ba, ba ni ka tsinke shi ba."

Na san ba a shiga gareji hannu rabbana, don haka da sassafe na sa aka kai akuyata kasuwa. Na kuma ce da ni za a tafi, domin na san halin mijina, ko an cuce shi godiya zai yi. Ya aika wa Hajiya cewa zai kai mota gyara. Amsar da aka kawo ita ce ya yi yadda ya ga dama.

Tsakanin Madarumfa da Maraɗi ba wata tafiya ba ce, amma ranar ta yi mini nisa. Idon Yoshiya ɗaya a kan kwalta, ɗaya a kan allura. Ni ma da ban san komai a mota ba sai na kama kallonta, ina ganin kamar tana sauka a gabana. Warin mai ya cika motar har kaina ya fara sarawa.

Abdul Aziz siriri ne, ba shi da yawan magana, irin mutanen da ke sa ka ji kamar kai ne ka cika surutu. Ya gaida mu, ya saurari Yoshiya, sannan ya zagaya baya ya zura yatsa a bakin salansa. Yatsan ya fito da baƙin toka. Ya shinshina, ya girgiza kai, ya zo ya zauna a kujerar direba. Yana duban tablo, wurin da allurai da fitilu suke, sai ya sa farce ya ɓare wani ɗan baƙin salatif da ke manne a gefe. A ƙarƙashinsa wata 'yar fitila ruwan ɗorawa tana ci.

"Baba, wa ya liƙe wagga?"

Yoshiya ya ce, "Nura ne, tun bara. Ya ce duk motocin Kwatano haka suke, ba ta da wani aiki sai ɗaukar ido."

"Haka kowa ka yi. Mota na kuka, ku kama bakinta ku rufe."

Ya ɗauko na'urar, wadda suke kira baliz, ya soka wayarta a ƙarƙashin sitiyari. Ya tayar da mota ya bar ta tana aiki, ya koma ya jingina da bango.

Yoshiya ya ce, "Mi muke jira?"

"Sai inji ya yi zahi sosai. Abin da nike son gani ba ya motsi da sanyi."

"Mai na ƙonewa!"

"Ai dole ya ƙone, Baba."

Ban taɓa ganin mijina haka ba. Ya leƙa allura, ya zagaya motar, ya sake leƙawa. Ya cire hula, ya mayar. Ni ma na kasa zama a kan bencin da aka ba ni. Abdul Aziz kuwa ko a jikinsa.

Da injin ya yi zafi ya kira mu, ya nuna mana fuskar na'urar. Wani layi ne kwance a ƙasa, miƙe sambal. Ya taka totur, motar ta yi ruri, baƙin hayaƙi ya turnuƙe gareji, layin bai ko motsa ba.

"Kun gani? Wanga layin kamata ya yi ya riƙa hawa da sauka, ba tsayawa. Akwai wani ƙarhe a wuyan salansa, sondi muka ce mai. Aikinshi shinshina hayaƙi. In iska ta yi yawa ya gaya ma ƙwaƙwalwar mota ta ƙara mai, in mai ya yi yawa ya ce ta rage. Naku ya tsaya a magana guda: mai bai isa ba, mai bai isa ba. Ita ko tana ta zubawa."

Na ce, "To a cire shi mana!"

"Tsaya, Mama. Kila ba shi ba ne, kila waya ce, ko salansa ta hwashe tana jan iska."

Na so in ce masa ya yi sauri, amma na haɗiye. Ya kwanta a ƙasa, ya bi wayar da hannu tun daga ƙarfen har inda ta haɗu da sauran, ya cire mahaɗin ya duba, ya auna da wani ƙaramin abin awo. Ya toshe bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci, ya kasa kunne ko zai ji iska na tsiyaya a wani wuri. Babu. Duk wannan injin na aiki, Yoshiya kuma na tsaye a kansa.

A ƙarshe ya kashe motar ya ce, "Shi ne. Ya tsuhwa, ga kuma man kwalba da dattinshi. Ya mutu tun tuni."

Yoshiya ya sunkuya kusa da shi, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kana nuhin wanga abu kaɗai ya isa ya shanye man nan duka?"

"Ya isa ya yi hiye da haka."

Mijina ya juya mana baya, ya tsaya yana kallon bango. Na san hawaye yake ɓoye mana, na ƙyale shi.

Cire ƙarfen ma wani aiki ne. Tsatsa ta kama shi gam. Abdul Aziz ya fesa masa mai, ya jira, ya ɗauko wani sifana mai tsaga a gefe don waya ta wuce, ya ja, ya ƙi. Ya sake fesawa, muka sake jira. Rana ta take tsaka, kwanon gareji ya ɗauki zafi. A ja na gaba ƙarfen ya yi ƙara ya saki, salansa kuma ta ƙone shi a wuyan hannu. Abin da ya miƙo mana bai wuce tsawon yatsa ba, kansa ya toshe da baƙin toka. Na juya shi a tafin hannuna ina jin haushi, wai wannan ɗan abin ne ya hana gidana sukuni.

Na tambaya ko ba a wanke shi a mayar. Ya ce masu yi na yi, kwana kaɗan su dawo. Ya hau babur ya tafi sayo sabo, da tsohon a aljihu, don ya gwada mahaɗin wayar da na sabon kada a ba shi wanda bai dace ba. Muka zauna jira, ko in ce na zauna, domin Yoshiya sai kaiwa da komowa yake tsakanin bakin titi da motar. Akuyata dai a nan ta tafi.

Da ya dawo ya miƙa wa Yoshiya tsohon, ya shafa wani maiƙo a haƙoran sabon ƙarfen, yana kaffa-kaffa kada ya taɓa kan, ya ɗaura, ya haɗa waya, ya goge bujin, ya tayar. Aka sake jiran zafi. Sai ga layin nan ya ɗaga kai, ya sauka, ya sake hawa, yana ta yi ba tsayawa. Karkarwar ta lafa. Ya danna wani abu a na'urar, fitilar ruwan ɗorawa ta mutu. Amma wata ta kama a kusa da allura, wadda ke cewa mai ya zo ƙarshe.

Abdul Aziz ya ce, "Ku tsaya nan gaba ku sha mai, Baba. Wanga ba ya kai ku."

Yoshiya ya ce ba zai sha ba. Abdul Aziz ya ɗauka rashin kuɗi ne, ya ɗauko jarka da mazurari ya nufi tanki. Yana buɗe ƙofar ya ga zaren. Ya dubi zaren, ya dubi mijina, ya mayar da ƙofar a hankali ya rufe.

"Kada ka taka da ƙarhi," abin da ya ce ke nan. "Allah shi kai ku lahiya."

A hanyar dawowa motar tafiya take sumul, ba hayaƙi, ba wari. Da wata rana ce da na ji daɗi. Amma duk mai sayar da man kwalba da muka wuce sai na ce, "Baban Loisa, don girman Allah." Shi kuwa sai ya ce, "Bari." Na yi faɗa, na yi roƙo, na yi shiru, na sake faɗa. A gangara yakan ɗage ƙafa ya bar ta ta silala da kanta.

Ta kawo mu har lambunan bakin gari. Nan ta yi tari, ta sake yi, ta mutu.

Yoshiya ya fita, ya naɗe hannun riga, ya ce in koma kujerarsa in riƙe sitiyari. Ni da ko keke ban taɓa tuƙawa ba! Ya sa kafaɗa ya fara turawa, dattijo da furfurarsa, a cikin garin da ake cewa yana sayar da mai. Kunya ta kama ni, tausayinsa kuma ya fi kunyar. Wasu masunta da ke dawowa daga tafki suka ajiye taru suka kama masa. Ɗaya ya ce, "Malam Yoshiya, ga mai can a kwalba, mi ya yi zahi?" Yoshiya ya ci gaba da turawa. Haka muka ratsa gari, ina murɗa sitiyari kamar mai tuƙa tuwo, mutane na fitowa kallo, wasu na bin mu.

A ƙofar gidan Hajiya hayaƙin banda na tashi, Adamu na kan bencinsa. Hayaniya ta fito da ita, hannunta duk man kifi. Ta dubi motar, ta dubi taron, ta dubi Yoshiya da ke haki, rigarsa ta jiƙe da gumi.

"Yoshiya, lahiya? Mi ya sa ba ka sha mai ba?"

Ya je ya buɗe ƙofar tankin, ya matsa gefe. Zare ja da baƙi, ƙulli biyu, jela a ciki. Duk matan da ke wurin sun san na wace ce. Adamu ya kama neman takalminsa a ƙarƙashin benci.

Yoshiya ya zaro tsohon ƙarfen daga aljihu ya sa mata a hannu. "Ga wanda ke shan man, Hajiya. An canza shi. Ki sa a cika ta, ki ba wanda kika yarda da shi ya kai ki Ɗan Issa, ki gani da idonki."

Ya ɗora makullin a kan ƙarfen. Ni da na yi ta zuga shi ya jefa mata, da na ga ya miƙa da hannu biyu sai na kau da kai. Hajiya ta nufi tankin. Ta sunkuya ta sa haƙori ta tsinke zaren. Muka juya muka tafi gida a ƙasa.

Wani direba ya kai ta kasuwar da ta biyo baya. An ce tun daga gari har Ɗan Issa idonta na kan allura, kuma da suka dawo ko sallamar kirki ba ta yi wa kowa ba ta shige ɗaki. Yoshiya kuwa kullum da safe sai ya ɗauki bokiti, ya tuna, ya ajiye.

Wata safiya aka yi sallama, na leƙa, sai ga Hajiya Ɗelu da kanta, da kwalin kifi a ka, ita da ke da masu ɗaukar mata kaya. Ta sauke a gaban Yoshiya. Bakin kwalin a buɗe yake, babu zare ko ɗaya. Tun da nake ban taɓa ganin kwali ya fito daga gidanta haka ba. Makullin na kwance a kan kifin.

Ta ce, "Na ci amanar zama, Yoshiya. Ka yahe mani."

Na so ya ja mata rai ko na yini ɗaya, ko don akuyata. Ya daɗe yana kallon kwalin. Sannan ya ɗauki makullin, ya goge man kifin a jikin rigarsa, ya ɗauki bokiti.

"Na san wancan direban bai wanke ta ba," in ji shi.

Ya koma aikinsa, ya koma karatu a majami'a, matar bakin famfo ma yanzu ita ke fara gaishe ni. Kowa na cewa komai ya wuce. Amma kwanan baya na bi su Maraɗi, muka tsaya shan mai, Hajiya na baya tana ba ni labari tana dariya. Yoshiya ya fita, ya buɗe ƙofar tankin, kafin ya kai hannu ga murfin sai da ya sunkuya ya leƙa ko an ɗaura zare. Na waiga, na ga Hajiya ma ta gani. Ba ta ƙarasa labarin ba.